Ranar Da Na Ce Babu Sauƙi

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Assalamu alaikum, Ummi, ɗiyata, mai sunan mahaifiyata. Gaisuwa mai yawa da sa albarka daga ubanki Lawali tela, na bakin kasuwar Ƙaura. Ina roƙon Allah ya sa kin sauka lafiya, kin tarar da masauki mai kyau da abokan zama nagari. Allah ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a makaranta, ya kiyaye ki daga sharrin da kika gani da wanda ba ki gani ba.

In kina karanta wannan takarda, kin kai ƙasan jaka ke nan, don can na cusa ta, a kan wannan ƙullin da na ce kada ki kwance sai kin isa. To, kar ki kwance tukuna. Na san halinki sarai, hannunki ya riga ya kai kansa. Ɗauke hannun, ki zauna ki karanta.

Na so in gaya miki wannan magana baki da baki, amma gidan ya hana. Tun ranar da takardar shiga makarantar koyon jinya ta iso, Innarki ba ta bar kowa ya ji kunnensa ba. Ta rangaɗa guɗa har awakin maƙwabta suka tsinke. Baffanki Sule ya taso tun daga Zurmi da zakara a hammata. Tsohuwar gidan bayanmu kuwa ta riga ta naɗa ki likita, kin ga yadda ta miƙo miki gwiwa ki duba tun ba ki taka ƙofar makarantar ba. Ni kuma duk sanda na buɗe baki in yi miki nasiha sai in ɓuge da cewa, “Kin sa bargo a jaka kuwa?” Shi ya sa na ce bari in rubuta, takarda ba ta ganin ƙwallan mutum.

Labarin ƙafata zan ba ki. Kina ganin kin san shi, amma rabi kika sani. Lokacin kina makarantar kwana, kin bugo waya kina kuka, muka ce miki da sauƙi. Kin zo hutu kin gan ni da sanda, kin tambaya, na ce da sauƙi. Yanzu ga shi za ki shiga aikin da kullum sai kin tsaya a kan mutum kin ce masa ya jiki. Ya kamata ki san abin da wannan amsa ta kusa jawo wa ubanki.

Ranar Alhamis ce, ranar kasuwar Shinkafi, bayan la'asar. Kin san yadda motoci ke dawowa a irin wannan lokaci, kowane direba yana tsere da rana kada magariba ta same shi a daji, saboda halin da hanya take ciki. Ina kan kekena, na hawa ba na ɗinki ba, na ɗauro kayan wani ango zan kai masa, ina can gefen titi wajen tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Ban ji komai ba sai ihun mutane. Wata motar kaya, shaƙe da buhunan albasa, ta baro titi gaba ɗaya ta biyo ni. Da na buɗe ido na gan ni a ƙasa, albasa na ta gangarawa ta gefen kunnena.

Direban saurayi ne, Murtala sunansa. Ya fito yana tangaɗi, ido jajir, ya tsallake ni ina kwance, ya je ya durƙusa gaban kekena da ya lanƙwashe, yana cewa, “Sannu Baba, sannu, Allah ya kiyaye gaba.” Wallahi, Ummi, keke yake yi wa jaje! Yanzu in na tuna sai in yi dariya har in riƙe ciki, amma a lokacin ƙafata ta dama tana kallon inda ba a halicce ta ta kalla ba.

Mutane suka taru. Kowa ya ji warin da ke fita daga bakin yaron, amma kin san mu, sunan abin ma nauyi yake yi mana a baki. Wannan ya ce gajiya ce. Wancan ya ce ƙila ya ɗan taɓa wani abu. Sai wata Bafulatana mai nono, Daso, wadda ƙwaryarta ta tarwatse a wurin, ta tafa hannu ta ce, “Gajiya mi? Giya ce wanga yaro ya sha, ga kwalba nan ƙarƙashin kujera, ku duka kun gani!” Maza suka sunkuyar da kai. Ba wanda ya tambaye ta daga wace ruga take, ba wanda ya rubuta lambar mota, ba wanda ya ɗauki hoto, alhali rabinsu da waya a hannu. Sun yi abin kirki dai, sun kwashe ni sai asibiti.

Ki riƙe wannan tun yanzu. In Allah ya sa kika tarar da hatsari, ko ya rutsa da ke, Allah ya kiyaye, rai ake fara ceta, wannan ba gardama. Asibiti ba shi da ikon cewa ba zai taɓa mai rauni ba sai ɗan sanda ya zo, ke ma in kin fara aiki kada ki yarda a sa ki faɗi haka. Amma a cikin masu ihu a sami mutum ɗaya da zai riƙe lambar mota, ya ɗauki hoto, ya san sunan wanda ya gani da idonsa da inda za a same shi. In kin ji wari, ki ce wa hukuma kin ji wari. Faɗin gaskiya ga mai hukunci ba tonon asiri ba ne, domin motar da ta bar titi ta bi ni, gobe 'yan makaranta za ta bi.

A asibiti ne na tafka babbar wautata. Ina kwance ina cizon leɓe, sai ga wani ɗan sanda da takarda da biro, mutum mai fara'a. Ya tsaya a kaina ya ce, “Sannu Malam, ya jiki?”

To me zan ce? Tun ina yaro in an ce ya jiki, amsa ɗaya aka koya mana. Na ga kakanki yana cikin ciwon ajali, numfashi da kyar, aka ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Sai na ce, “Da sauƙi, alhamdulillahi.”

Ya ce, “Ina ne ke ciwo?”

Na ce, “Ba komi, 'yar ƙafa ce.”

Na ga biro yana tafiya. Ni ina ganin gaisawa muke yi, ashe shi aiki yake yi. Mai jinya ma ta zo ta tambaya, na ba ta amsa iri ɗaya, har da murmushi, don kada a ce Lawali rago ne. Ta ce in jira likita ya zo ya sa a ɗauki hoton ƙashi. Ban jira ba. Baffanki ya iso a firgice ya ce, “Lawali, mi za mu zauna yi nan? Karaya ce, ga maɗori can garinmu da ba ya kuskure.” Na ce to Yaya. Aka naɗe ni aka sa a mota sai Zurmi.

Kar ki ji na ce haka ki raina maɗori. Mutumin ya ɗora ƙafafun da ba su ƙirguwa, suna nan suna noma. Amma tawa ba karayar sanda ba ce, ƙashin ya farfashe ne dab da gwiwa, abin da hannu ba ya gani sai hoto. Ya yi iya yinsa. Ƙafa ta haɗe, amma ta haɗe a karkace, gwiwa kuma ta ƙi lanƙwasuwa. Ga shi na baro asibiti ba takardar likita ko ɗaya, abin da ke rubuce a duniya game da raunina shi ne na ɗan sanda, rauni kaɗan, mai shi ya ce da sauƙi.

Saboda haka, ɗiyata, gaisuwa daban, tambaya daban. In maƙwabciya ta ce ya jiki, ki ce da sauƙi, tarbiyya ce, ban hana ki ba. Amma duk wanda ya tambaye ki da biro a hannu, likita ne ko ɗan sanda ko alƙali, ki gode wa Allah sannan ki faɗi inda ke ciwo, tun daga kai har yatsa, har da wanda kike jin kunyar faɗi. Kuma kada ki bar asibiti sai likita ya duba ya rubuta ya ba ki abin da ya rubuta. Wannan takardar ita ce bakin mai rauni ranar da za a yi magana a kansa.

Ina kwance a Zurmi aka zo sulhu. Mai motar wani Alhaji ne na Shinkafi, bai zo da kansa ba, ya aiko dattawa da buhun gero da rago da gaisuwa mai kyau. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, ni ina ɗaki ina jiyo su. Suka ce ƙaddara ce. Baffanki, kin san shi da son a ce ɗan mutunci ne, ya gyara murya ya ce, “Haba, ai mun yafe, duniya da lahira.” Aka shafa fatiha. Raina bai so ba, amma yayana ne, ya riga ya faɗa gaban mutane, ta ina zan tsinka shi? Na bar maganar ta tafi a haka. Da wannan yafiyar da waccan amsar tawa ta “da sauƙi” aka je ofishin 'yan sanda, inda Murtala yake tsare, aka sake shi, kwana kaɗan ya koma kan sitiyari.

Saura ƙiris a gama da ni ranar, Innarki ce ta tare. Dattawan sun zo da wata takarda, wai in dangwala hannu magana ta mutu. Suka yi sallama ƙofar ɗaki. Innarki ta leƙo daga bayan labule ta ce, “Ayya, ku yi haƙuri, yanzun nan anka shafa mai magani ga hannu, maɗori ya ce kar ya taɓa komi.” Ummi, ƙafa ce ta karye, mene ne haɗin hannu da magani? Amma ta faɗa da fuska a ɗaure, ba wanda ya iya musa mata. Suka ce sa dawo gobe. Gobe ta ce ina barci. Jibi ta ce maganin bai bushe ba. Har suka gaji suka bari. Da na yi mata faɗa na ce ta kunyata Yaya, sai ta ce, “Malam, ni ban iya karatu ba, kai kuma zafi ya hana ka. Takardar da ba mai karantawa a cikinmu, ba za ka sa mata hannu ba.” Na ƙi kula ta yini guda. Yau kuwa ko ina tsakiyar kasuwa na tuna sai in ce Allah ya yi wa matar nan albarka.

Ki koyi wannan daga uwarki, ba daga ni ba. Kada ki sa hannu a kan abin da ba ki karanta ba, kuma kada ki yarda a sa mara lafiya ya sa hannu yana cikin zafi. Yafiya abu ne mai kyau, mai lada, amma ta mai ciwon ce. Babban wa ba ya yafe ƙafar ƙane, miji ba ya yafe hannun mata, mai unguwa ba ya yafe na kowa. Mai rauni shi zai yafe da bakinsa, bayan ya san girman abin da zai yafe.

Muka dawo Ƙaura. Nan ne abin ya fara cina. Kin san keken ɗinkina na ƙafa ne, shi na gada, shi ya ciyar da ku, kuma da wutar garin nan ba mai dogara da na lantarki. Ƙafar dama ce ke taka shi. Na zauna na ɗora ta, ta ƙi. Na gwada da hagu, ɗinki ya riƙa tafiya kamar hanyar shanu. Na dage na ɗinka wani wando, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Innarki ta ɗaga shi sama ta duba ta ce, “Ai ba asara, kai zai yi wa daidai.” Muka yi dariya har da hawaye, amma nawa hawayen ba duka na dariya ba ne. Salla ta zo ta wuce, kekena a lulluɓe da zane. Masu yadi suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna karɓar kayansu cikin kunya, kowa ya ce ya jiki, in ce da sauƙi. Na ji tsoro, Ummi. Ban taɓa gaya miki ba, amma na ji tsoron na taka keken nan takun ƙarshe ban sani ba.

Cikin masu zuwa karɓar yadi akwai Malam Isa, tsohon rijistaran kotu da ya yi ritaya, wanda na daɗe ina yi wa kaftani. Ya zauna, ya dubi ƙafar, ya dubi keken da ke lulluɓe, ya ce, “Malam Lawali, ya jiki?”

Na ce, “Da sauƙi.”

Ya ce, “Mun gama gaisawa tun a zaure. Ba gaisuwa nake yi ba, tambaya nake.”

Shekaruna duka ba wanda ya taɓa raba mini su biyu. Sai kawai na ji ina ba shi labari, tun daga albasa har wandon Innarki. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama na ce, “To, ƙaddara ce, kuma an riga an yafe.”

Ya ce, “Wa ya yafe?”

Na ce, “Yaya.”

Ya ce, “Ƙafar Yaya ce? Ka sa hannu a wani abu?” Na ce a'a, na gaya masa zancen magani. Ya yi dariya har hularsa ta zame. Sannan ya ce, “Duk mun yi imani da ƙaddara. Amma wanda ya ƙaddara, shi ne ya ajiye diyyar rauni a cikin shari'a, ba don ado ba. Neman haƙƙinka ba rashin tawakkali ba ne.”

Shi ya warware mini abin dalla-dalla. Ya ce magana biyu ce a nan. Tuƙi cikin maye laifi ne tsakanin direba da hukuma, ko ni ban da ikon share shi, don ba ni kaɗai ke bin titi ba. Ta biyu ita ce tawa, magani da jinya da sana'ar da ta tsaya da ita kanta ƙafar, wannan ni ke da ikon nema ko bari. Ya ce kuma ba yaron kaɗai ake kamawa ba, tunda aikin Alhaji yake yi da motar Alhaji, mai mota ma yana ciki. Kowace mota kuma doka ta ce ta yi inshora saboda irin wannan rana. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da ya ce neman haƙƙi yana da wa'adi, in mutum ya yi ta jan jiki har lokaci ya wuce, kotu na iya cewa ya makara. Na ce ni ina na ga abin ɗaukar lauya? Ya ce akwai lauyoyin da gwamnati ta ajiye don marasa hali, kyauta, mutane ne ba sa tambaya.

Shi ya raka ni Gusau. Muka fara da likitan ƙashi, aka ɗauki hoton da ya kamata a ɗauka tun ranar farko. Likita ya ɗaga shi a haske ya girgiza kai, ya ce aiki za a yi, a sake gyara ƙashin a sa ƙarfe, kuma in aka ƙara jinkiri gwiwar za ta sandare ke nan har abada. Ya rubuta ya ba mu. Daga nan sai wurin wata lauya, yarinya ce, kaɗan ta girme ki, amma in ta yi tambaya sai ka gyara zama. Ita ta ce a nemo shaida. Innarki ta ɗauki wannan aikin, ta bi masu nono ɗaya bayan ɗaya a kasuwa har aka kwatanta mata rugar su Daso can wajen garin Ɗan Isa. Da an rubuta sunanta tun ranar, da an hutar da Innarki yawon nan. Inshorar Alhaji kuwa da aka bincika, ashe takardar bakin tasha ce, ba kamfanin da ya san da ita. Shi kansa bai sani ba, yaransa ke yanko masa.

Kafin a kai ƙara na je na sami Baffanki, don wannan ya fi kotun yi mini nauyi. Na durƙusa yadda ƙafa ta bari na ce, “Yaya, ba raina maganarka na yi ba.” Ya dubi ƙafar da kyau, sannan ya ce, “Kai ma da laifinka, Lawali. Kullum na tambaye ka sai ka ce da sauƙi. Ni duba nake yi?” Ranar zaman kotu shi ya riga kowa zuwa, da babbar riga.

A kotu alƙali ya duba takardu, ya ga ta ɗan sanda ta ce rauni kaɗan, ta likita ta ce ƙashi ya farfashe. Ya ɗago kai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Malam Lawali, ya jikin?”

Ummi, wallahi sai da kalmar ta zo har bakin haƙorana. Na ji Innarki ta yi gyaran murya daga bayan kotu, irin wanda ke sa ku ajiye abin da kuka ɗauka. Na haɗiye. Na ce, “Allah ya gafarta Malam, alhamdulillahi a kowane hali. Amma babu sauƙi.”

Ban taɓa ɗaga kaya mai nauyin waɗannan kalmomi biyu ba. Da suka fita kuwa sai sauran suka biyo su da gudu. Na faɗi daren da ba na barci, na faɗi sallar da nake yi a zaune, na faɗi keken da ke lulluɓe. Daso ta tashi ta faɗi nata yadda ta faɗa a bakin titi, ba ragi, har ta ƙara da cewa ita ma ba a biya ta nononta ba, kotu ta kwashe da dariya, alƙali ya ce a rubuta.

Sai Alhaji ya miƙe, ranar na fara ganinsa, dattijo ne mai furfura. Ya ce, “Allah ya gafarta Malam, wallahi cewa anka yi mini da sauƙi! Da na san bawan Allah ga na nan kwance, da ban kwana ban zo ba.” Kin gani? Ɗan sanda bai yi ƙarya ba, dattawa ba su yi ƙarya ba, Alhaji bai yi mugunta ba. Kowa a kan maganata ya hau. Nan gaban alƙali aka yi sulhu na gaskiya, a rubuce, lauya ta karanta mini shi da Hausa kafin in sa hannu, Innarki kuma ba ta ce an shafa magani ba. Alhaji ya ɗauki aikin ƙafa da jinya da asarar sana'a. Murtala kuwa aka mayar da maganarsa hannun hukuma, aka hukunta shi, aka raba shi da tuƙi na wani lokaci.

Bayan an yi aiki na dawo gida, wata rana sai ga Murtala, shi kaɗai, idonsa fari tas. Ya durƙusa, a gabana wannan karon ba gaban keke ba, ya ce, “Baba, ka yafe mini.” Na dube shi, yaro ne, bai fi yayanki ba. Na ce na yafe, da bakina, ina sane da abin da nake yafewa. Ban taɓa jin daɗin wata kalma kamar wannan ba, har barci na yi mai nauyi da rana. Yanzu yana wankin mota a tasha, an ce ya bar shaye-shaye, Allah ya tabbatar. Shekaranjiya ya aiko wai in ana so zai nemo motar da za ta kai ki. Innarki ta ce, “Mun yafe mai, amma ɗiyata ko kusa da soson wankinsa ba za ta bi ba.”

Tunda maganar mota ta zo, za ki riƙa bin hanyar nan kowane hutu. Kafin ki shiga, dubi idon direba, ki gaishe shi kusa yadda za ki ji numfashinsa. In ranki bai kwanta ba ki sauka, ko an yi miki dariya, ko kuɗin motar ya tafi. Kada ki yi tafiyar yamma. Ki sani kuma fasinja ma yana da haƙƙi, in direban da ya ɗauko shi ya sha ya kifar da su, shiga motar da ya yi bai zubar masa da komai ba.

Babbar nasihata dai ga ta. Gobe za a kawo miki wani Lawali, da ƙafa a karkace da murmushi a fuska. Za ki ce ya jiki, zai ce da sauƙi. Kada ki rubuta. Ki amsa masa gaisuwarsa da ladabi, ki ce Allah ya ƙara sauƙi, sannan ki jawo kujera ki zauna ki ce, “Baba, mun gaisa. Yanzu tambaya nake.” In mace ce ki sallami 'yan rakiya tukuna. Ki rubuta abin da idonki ya gani, ki gaya masa ya adana takardarsa, in an zo masa da ta dangwale ki ce ya bari sai ya warke. In ya ƙi ji, kin san dabarar magani a hannu, gado ce.

To, yanzu kwance ƙullin.

Kin ga fararen kayanki na makaranta. Kina tsammani maƙwabcina na kasuwa na ba wa, tunda tun bayan aikin nan yanka kawai nake yi, shi ke ɗinkawa. Ba shi ba ne. Satin da kika je Zurmi sallama da dangi, na yaye zanen da ke kan kekena, na zuba masa mai, na yi bismilla na ɗora ƙafar dama. Ta yi ƙara, ta yi gardama, sannan ta taka. Ummi, ta taka! Innarki ta jiyo ƙarar keke daga madafa ta fito da muciya a hannu, ta tsaya bakin ƙofa tana kuka, tuwo ya ƙone, ba wanda ya damu. Farin yadi ba ya ɓoye kuskuren tela, don haka juya rigar ki bi ɗinkin da yatsa tun daga wuya har ƙasa. In kin sami inda ya karkace, ki gaya mini.

Allah ya yi miki albarka, ɗiyata. Allah ya ba ki ilimi mai amfani da hannu mai sauƙi, ya sa marasa lafiya su yi murna da ganinki. Allah ya tsare ki daga direban da ya sha da hanyar da ta ɓaci, ya kai ki lafiya ya dawo mana da ke lafiya. Ki riƙe salla, ki ci abinci, ki kira Innarki kafin ta tashi unguwa da kuka. Tana gaishe ki, Baffanki na gaishe ki, tsohuwar gidan baya ta ce gwiwarta na jiranki.

Na san abin da za ki fara tambayata in kin kira, bari in hutar da ke. Da sauƙi, Ummi. Wannan karon kina iya rubutawa.

Wassalam.
Ubanki mai alfahari da ke,
Lawali tela, Ƙaura.